Goobalathaldin da littattafansa na yara: ceton gado ya yi ko cinikinsa?

Malama Hadiza

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tunda wannan makon a kan littattafan yara masu hotuna muke, bari in shigo da wani mutum da ba a cika jin sunansa a wajenmu ba: Dick Roughsey, wanda mutanensa ke kira Goobalathaldin. Ɗan asalin Ostireliya ne, cikin baƙaƙen da Turawan Ingila suka tarar a ƙasar a 1788, waɗanda ake ce wa Aborijin. Ƙabilarsa Lardil, mazauninsu tsibirin Mornington da ke tekun Carpentaria, arewacin jihar Queensland.

An haife shi wajen 1920, shekaru kaɗan bayan 'yan mishan ɗin Presbyterian sun kafa sansani a tsibirin a 1914. Yana yaro ƙarami aka raba shi da iyayensa, aka sa shi ɗakin kwanan yara na mishan. Can ya yi ɗan karatun firamare, daga nan sai kiwon shanu a gonakin Turawa da aiki a jirgin ruwa. Har ya haura shekara arba'in da haihuwa yana leburanci. A 1962, yana aikin tsakar gida a wani masauki a garin Karumba, ya haɗu da wani Bature matuƙin jirgin saman kamfanin Ansett, Percy Trezise, wanda shi ma yana taɓa zane. Roughsey ya gaya masa burinsa na zama mai zane kamar Albert Namatjira, shahararren Aborijin mai zanen fentin ruwa. Trezise ya ba shi shawarar ya bar kwaikwayon kowa, ya zana labaran mutanensa a kan ɓawon itace, kuma ya riƙa kawo masa kayan aiki.

Abin da ya biyo baya: tarihin rayuwarsa, Moon and Rainbow, a 1971, littafin yara The Giant Devil Dingo a 1973, The Rainbow Serpent a 1975, wanda ya ci lambar gwarzon littafin hotuna na yara na ƙasar a 1976, sai The Quinkins a 1978 tare da Trezise, shi ma ya ci lambar a 1979. Shi ne shugaba na farko na hukumar fasahar Aborijin da gwamnatin Firaminista Whitlam ta kafa a 1973. Ya karɓi lambar girmamawa ta Birtaniya, OBE, a 1978, ya rasu a 1985.

Abin da nake so mu tattauna shi ne: mutumin nan ya ɗauki labaran da tsofaffi ke bayarwa a bakin wuta, ya mayar da su littafin Turanci da ake sayarwa a kanti. Ni a wajena ceto ya yi. Amma na san akwai masu ja.

Baban Walid

Wa alaikumus salam Malama. Ga mai ja na farko ya iso. Ki sake karanta abin da kika rubuto: Bature ne ya gaya masa abin da zai zana, Bature ne ya gaya masa a kan me zai zana, Bature ne ya kawo kayan aiki, ya nemo masu saye, kuma a ƙarshe sunan Bature ya hau bangon littafi kusa da nasa. To ina 'yancin yake?

Abin da ya fi damuna shi ne wannan shawara ta "kada ka kwaikwayi Namatjira". Mutum ya ce yana son ya yi zanen fentin ruwa irin na Turawa, an ce masa a'a, kai naka ɓawon itace ne da jar ƙasa. Me ya sa? Saboda abin da masu yawon buɗe ido ke son saye ke nan. Suna son baƙin mutum ya tsaya a inda suka ajiye shi. Kuma bayan Roughsey ya rasu, Trezise ya ci gaba da fitar da littattafai a kan labaran Aborijin har shekaru, shi kaɗai. Wannan ai ya isa ya nuna wa mutum wanda ke riƙe da akalar tun farko.

Mai Zane

Baban Walid, ka yi mini izini in amsa ta fuskar sana'a, don ni da fenti nake cin abinci.

Roughsey bai tsaya a ɓawon itace ba. Da shi ya fara, har aka yi masa baje kolin farko a Cairns tare da ɗan'uwansa Lindsay, amma daga baya ya koma fentin zamani a kan allo, kuma hotunan littattafansa duk da irin wannan fentin aka yi su. Ke nan abin da ya ce yana so tun farko ya kai gare shi, sai dai ya isa da kayansa a hannu. Duk wanda ya koyi zane ya san wannan matakin. Idan ka fara da kwaikwayon wani, hannunka zai iya, amma ba ka da abin faɗa. Namatjira duwatsun MacDonnell yake zanawa, a tsakiyar hamada, ƙasar kakanninsa. Roughsey ɗan bakin teku ne, mutumin kifi da kunkuru da wata dabbar ruwa mai kama da ayu. Da ya zauna yana zana duwatsun da bai taɓa takawa ba, da yanzu ba mu san sunansa ba.

Kuma kada a ɗauka zanen ɓawo wasa ne. A inda aka fi yin sa, a Arnhem Land da ke arewacin Ostireliya, da damina ake yanko ɓawon lokacin da itacen ke da ruwa a jiki, a kankare bayansa, a ɗora a wuta ya yi laushi, a danne shi da duwatsu ko yashi har ya bushe a miƙe. Launi huɗu ne kawai: jar ƙasa, rawayar ƙasa, farar ƙasa da gawayi. Wanda ya horu da launi huɗu, in ya samu ashirin ba ya ɓarna. Ka duba mutanen da ke cikin hotunan Roughsey. Sirara ne, baƙaƙe, kusan babu ido babu hanci, amma daga yadda mutum ya karkata kafaɗa za ka san gudu yake ko leƙe yake ko tsoro ya kama shi. Wannan ba Trezise ya koya masa ba. A littattafan da suka yi tare ma rabon aikin a fili yake: Trezise ya zana daji da duwatsu, Roughsey ya sa mutane da halittu. Kuma yaro in ya buɗe littafi, mutanen yake bi da yatsa.

Baban Walid

Na ji, Mai Zane, kuma ban raina hannunsa ba. Tambayata ba a kan iyawa take ba, a kan iko take. Wa ke da hanyar zuwa wajen masu ɗab'i a Sidni? Wa ke da jirgi? Abota tsakanin mai jirgi da mai shara ba ta taɓa zama kunnen doki.

Yaya Asabe

Ina gaishe ku daga Brisbane. Baban Walid, maganarka ta ƙarshe gaskiya ce, amma ina ganin a kan Trezise ka sauke laifin da na gwamnati ne.

A san irin Queensland ɗin da Roughsey ya tashi a ciki. Tun 1897 akwai dokar da suka kira ta "kariya", wadda ta ba jami'in gwamnati ko shugaban mishan iko a kan inda ɗan asalin ƙasa zai zauna, inda zai yi aiki, har da wanda zai aura. Albashinsa ba hannunsa yake shiga ba, asusun gwamnati ake zubawa, sai ya je ya roƙa a ba shi kaɗan daga cikin guminsa. Kuɗin mutane da yawa haka suka salwanta. Sai a 2019 gwamnatin jihar ta amince ta biya dala miliyan 190 na Ostireliya a ƙarar da aka shigar kan waɗannan albashin. Sannan sai a ƙuri'ar raba gardama ta 1967, wadda sama da kashi 90 cikin ɗari suka amince, aka cire sashen tsarin mulki da ya hana lissafa su cikin jama'ar ƙasa. Wato ranar da ya haɗu da Trezise a 1962, a hukumance ba a ma ƙirga shi. A irin wannan hali babu ƙofar da baƙin mutum zai bi ya kai ga mai ɗab'i sai ta hannun wani fari. Abin dubawa shi ne me ya yi da ƙofar da ya samu.

Kuma ku dubi shekara 11 kacal bayan haka: shi ne a kujerar shugabancin hukumar da ke raba kuɗin tallafi ga masu fasaha 'yan asalin ƙasa, hukumar da mambobinta duk Aborijin ne da mutanen tsibiran Torres. Mutumin da ba a yarda ya riƙe albashinsa ba, ga shi yana sa hannu a kan na wasu.

Ta ɓangaren littafin kuwa, har gobe ana buga The Rainbow Serpent. Yana ɗakin karatun makarantar 'yata. Akwai shafin da hadari ya haɗo, kowa ya shige bukkarsa, wasu samari biyu 'yan'uwa suka rasa mafaka. Macijin, Goorialla, ya wangale baki a cikin duhu ya ce su shigo. Duk yaron da aka karanta wa, a wannan shafin yake riƙe hannun mai karatun. Daga baya wasu 'yan'uwa biyu na dangin damo suka hau dutse suka farke cikinsa yana barci, samarin suka fito sun zama aku masu launin bakan gizo. Yaran Turawa da na Indiya da na Sin da tawa Bahaushiya duk sun san wannan labarin, kuma daga hannun Balardile suka same shi.

Maman Ilham

Yaya Asabe, ki yi haƙuri in kawo wani abu da ke raina tun da Malama ta fara. Ni uwa ce, kuma abin da yaro ya ji yana ƙarami shi ke zama. Littafin nan, in na fahimta, cewa yake maciji ne ya yi koguna da duwatsu, mutane kuma suka rikiɗa suka zama tsuntsaye da dabbobi. Yaya zan karanta wa yarinya 'yar shekara biyar wannan, alhali da safe na koya mata cewa Allah ne ya halicci komai? Ba raina al'adar kowa nake ba. Tsakani da Allah nake tambaya, ke da kike can yaya kike yi?

Yaya Asabe

Maman Ilham, tambayarki a kan hanya take, kuma duk iyaye Musulmi a nan sun gamu da ita. Abin da nake yi shi ne in gaya mata tun kafin mu buɗe: wannan labarin mutanen da suka riga kowa zama a ƙasar nan ne, haka kakanninsu suka bayyana yadda ƙasarsu ta samu, mu kuma ga abin da muka yi imani da shi. Yara suna gane wannan fiye da yadda muke zato. Kuma in uwa ta ga 'yarta ba ta kai ba, ta jira. Babu dole.

Abu ɗaya da ba na yi shi ne in ce mata tatsuniya ce kawai ta ƙarya. Don a wajensu ba abin hira ba ne. Labarin yana ɗauke da taswira: ga inda ruwa yake, ga dutsen da ya raba ƙasar wannan dangi da ta wancan, ga dabbar da danginka ke da alhakin kula da ita. Tun bayan hukuncin Mabo na 1992, da kotu ta rushe da'awar cewa ƙasar ba ta kowa ba ce lokacin da Turawa suka zo, irin waɗannan labarai da waƙoƙi suna cikin hujjojin da ake kai wa gaban alƙali don nuna alaƙar mutane da ƙasarsu. Mutanen Roughsey kansu, Lardil da maƙwabtansu, a 2004 kotun tarayya ta tabbatar musu da haƙƙi a kan ruwan tekun da ke kewaye da tsibiransu. Abin da ya tsaya a gaban alƙali ba zan kira shi wasan yara ba.

Maman Ilham

Na gode Yaya, Allah ya raya mana su. Ni dai zan jira ta ƙara wayo.

Malam Buba

Allah ya yi muku albarka, muhawara ta yi daɗi. Ina ta karantawa, sai maganar Baban Walid ta tuna mini da namu na gida. Abubakar Imam da Rupert East. East ne ya shirya gasar rubutu ta 1933, shi ya ɗauko Imam daga Katsina zuwa Zariya a 1936 don ya rubuta Magana Jari Ce, shi ke duba rubutun, shi ke da injin bugawa da kuɗin gwamnatin mulkin mallaka a bayansa. In muka bi ma'aunin Baban Walid, sai mu ce akalar a hannun East take. Amma wane Bahaushe ne zai buɗe littafin nan ya ce muryar Bature yake ji? Iko na wani ne, gaskiya, amma bakin na Imam ne.

To haka nake kallon wannan bawan Allah, Roughsey. Wanda ya ba ka jirgi bai ba ka labari ba. Kuma kada a manta shi da Trezise sun shafe shekaru suna ratsa dajin Cape York da ke arewacin Queensland, wajen garin Laura, suna neman kogunan dutse masu zanen mutanen da, suna kwafewa suna rubuta bayani daga bakin tsofaffin yankin. Tsoho ba zai zauna ya buɗe wa matuƙin jirgi cikinsa haka kawai ba. Da wa zai yi maganar in ba da ɗan'uwansa baƙi ba? Ke nan shi ma Trezise ta ƙofar Roughsey ya shiga. Halittun nan na The Quinkins, su Timara dogaye sirara masu ɓuya a tsagar dutse, da su Imjim gajeru masu tsalle da jela suna satar yara, daga bangon waɗannan koguna suka fito.

Ɗan Damagaram

Allah ya gafarta Malam, misalinka ya yi, amma a wuri guda ya karye, kuma wurin shi ne ya fi ci mini rai. Imam da Hausa ya rubuta. Roughsey da Turanci.

Ku dubi abin da ya faru da harshen Lardil a tsawon rayuwar mutumin nan. An haife shi kowa a tsibirin da shi yake magana. Aka kwashe yara aka zuba a ɗakin kwana, maza daban mata daban, Turanci safe da yamma. Yaron da ya fito daga nan yana jin harshen uwarsa amma bakinsa ya yi nauyi, ɗansa kuma 'yan kalmomi kawai ya tsinta. Cikin zuriya biyu aka gama. Yau harshen yana bakin kabari, sai ƙamus da aka fitar a 1997 da faifan muryoyin tsofaffi.

Akwai ma abin da ya fi wannan. Lardil suna da wani harshe na biyu, Damin, wanda ake koya wa maza bayan sun wuce mataki na biyu na shiga manyantaka. Kalmominsa 'yan ɗari ne kawai, amma da su ake faɗin komai, kuma yana da sautukan ƙyasta harshe irin na mutanen kudancin Afirka, abin da ba a samu a wani wuri a wajen Afirka ba. Masanin harsuna Ken Hale ya je ya naɗe shi a shekarun 1960 daga bakin tsofaffin ƙarshe. Da aka daina bukukuwan a zamanin mishan, shi ke nan, babu sabon mai koyo.

A faɗin ƙasar, harsuna sama da 250 ake yi lokacin da Turawa suka zo. Waɗanda yara ke tashi da su a yau ba su kai 20 ba. To Malama Hadiza, da kika ce ceto ya yi, me aka ceto? Labari ya tsira, yaran Brisbane sun san shi. Amma jikan Roughsey ma da Turanci zai karanta shi. An fitar da kaya daga gobara, gidan kuwa ya ƙone.

Mai Zane

Ɗan Damagaram, maganarka ta taɓa ni. Amma ka yi masa adalci. A 1975 wane kamfani ne zai buga littafi mai launi da harshen da masu jinsa ba su wuce 'yan ɗari ba, kuma ba a koya musu karanta shi ba? Buga hoto mai launi tsada gare shi, sai an buga dubbai kafin kuɗi ya fito.

Sannan akwai abin da ni nake gani, ku masu harshe ba ku cika lissafa shi ba. A littafin hotuna, rubutu layi biyu ne ko uku a ƙasan shafi, sauran duk zane ne. Yadda ake ɗaura ado a ka don rawa, yadda ake kafa bukka, yadda ake riƙe mashi, launin ƙasa bayan ruwa ya ɗauke, duk wannan bai bi ta Turanci ba. Kai tsaye ya fito daga idonsa. Ban ce ya maye gurbin harshe ba. Na ce ba komai ne ya ƙone ba.

Baban Walid

To bari in ƙara wani abu, tunda Malam Buba ya kawo Cape York. Lardil suna da nasu macijin bakan gizo, Thuwathu. Labarinsa daban ne: 'yar'uwarsa ta roƙe shi mafaka don jaririnta ana ruwa, ya hana, jaririn ya mutu, ta cinna wa bukkarsa wuta, ya fita yana birgima cikin azaba har ya haƙa kogi a tsibirin. Wannan shi ne na gidansu. Amma wanda ya shiga littafin yara, Goorialla, na Cape York ne. Labarin ƙaton karen dajin nan na The Giant Devil Dingo, Gaiya, da tsohuwar fara mai aika shi farautar mutane, shi ma na can ne. A al'adarsu kuwa labari yana da masu shi, ba kowa ke da izinin bayar da na wani dangi ba. Mu daga nesa muna cewa "Aborijin" kamar abu ɗaya ne, alhali ƙabilu ne ɗaruruwa. Ashe shi ma bai tsira daga abin da nake zargin Trezise da shi ba?

Malama Hadiza

Baban Walid, wannan ita ce hujjarka mafi ƙarfi, kuma ba zan yi kamar ban ji ba. A yau masu ɗab'i a can suna da ƙa'idoji a rubuce kan neman izinin masu labari da ambaton su, kuma irin wannan tambaya taka ce ta haifar da su.

Amma ka dubi halin da Cape York ke ciki lokacin. Yankin Laura da kogin Palmer shi ne inda aka yi rububin zinariya daga 1873. Aka kashe mutane, aka tarwatsa dangogi, waɗanda suka rage aka kwashe su zuwa mishan da sansanoni. Zuwa shekarun 1960 tsofaffi ƙalilan ne suka rage masu sanin abin da zanen kogunan ke nufi, kuma samarin da ya kamata su karɓa suna can suna kiwon shanun wasu. Tsohon da ya ga haka, ya samu baƙin mutum irinsa mai kunne da hannun zane, ni ban ga laifinsa ba in ya ba shi, ban kuma ga laifin wanda ya karɓa ba.

Na Thuwathu kuwa bai yar da shi ba, yana cikin Moon and Rainbow, littafin manya. Ni ina ganin hankali ne: labarin da jariri ke mutuwa saboda rowar kawunsa ba shi za ka fara miƙa wa ɗan shekara biyar ba.

Ɗan Damagaram kuma, na karɓi rabin maganarka. Harshe bai tsira ba, kuma littafin hotuna ba zai iya tsirar da shi ba. Sai dai ba Roughsey ya kunna wutar ba, shi ma a ɗakin kwanan nan aka ƙona shi. Ku nemi littafin matarsa, Elsie Roughsey, An Aboriginal Mother Tells of the Old and the New, na 1984. Ita ma 'yar ɗakin kwanan ce, kuma ta faɗi abin da rabuwa da iyaye ya yi musu ta bakin uwa. Ana yawan mantawa da ita in ana maganarsa, alhali ita ta riƙe gida da 'ya'ya a tsibirin lokacin da yake yawon baje koli da tarurruka.

Auta

Yaya Asabe don Allah ki ɗauki hoton shafukan duka ki turo mana nan, mu ma mu gani. Ni zan iya fassarawa in sa Hausa a ƙasa, a raba wa makarantu.

Mai Zane

Auta ƙanena, niyyarka mai kyau ce, amma kada a yi haka, musamman da aikin waɗannan mutane. Babu waɗanda aka ci wa gumi ta wannan hanya kamarsu.

A 1966 Ostireliya ta fitar da sabuwar takardar dala ɗaya ɗauke da zanen David Malangi, mutumin Arnhem Land, ba tare da an tambaye shi ba. Sai da magana ta fito aka ba shi dala 1,000 da lambar yabo da kayan kamun kifi. Namatjira da Roughsey ke sha'awa kuwa, labarinsa ya fi ban tausayi. Ya yi suna har ya gana da Sarauniyar Ingila a 1954, aka ba shi cikakken matsayin ɗan ƙasa a 1957 alhali 'yan'uwansa ba su da shi, shekara ɗaya bayan haka aka yanke masa ɗauri kan cewa giya ta kai ga wani ɗan'uwansa ta hannunsa, ya rasu a 1959. A 1983 jami'in gwamnati mai kula da gado ya sayar da haƙƙin mallakar zanensa ga wani kamfani a kan dala 8,500, iyalinsa ba su sani ba. Shekara 34 ana buga hotunansa, jikokinsa na cikin talauci, sai a 2017 aka mayar musu.

Roughsey ya rasu a 1985, haƙƙin aikinsa bai faɗi ba. In ana son fassarar Hausa, a rubuta wa kamfanin da ke buga shi a nemi izini. Ni zan taimaka da rubuta wasiƙar.

Yaya Asabe

Na goyi bayan Mai Zane. Bangon littafin kawai zan turo, shi wannan yana ko'ina a intanet. In Allah ya kawo ni gida da babbar sallah zan riƙo kwafi biyu, ɗaya na ajin Malama Hadiza.

Kafin in tafi aiki, Ɗan Damagaram, ka nemi sunan Sally Gabori. 'Yar ƙabilar Kaiadilt ce, waɗanda aka kwaso daga tsibirin Bentinck aka kawo Mornington a ƙarshen shekarun 1940. Ba ta taɓa riƙe buroshi ba sai a 2005, tana da shekara kusan 81, a cibiyar zane ta tsibirin. Turancinta kaɗan ne, da harshenta take kiran sunan kowane wuri da ta zana. Ta rasu a 2015, kuma a 2022 aka yi babban baje kolin aikinta a Faris. Ina so in ji me za ka ce a kanta, don ita ba ta bi ta Turanci ba sam.

Ɗan Damagaram

Zan duba in sha Allah, Yaya. Amma tun yanzu ga tambayata: cikin jikokinta, nawa ne ke iya kiran sunayen wuraren nan yadda take kira? Mai Zane, in ka tashi rubuta wasiƙar ka sa ni a ciki, a nemi izinin har da Nijar.